Dokar 'Yan Ci-rani

Mushe Lawali, wato Malam Lawali, malamin lakwal (makarantar boko) a Madarumfa, shi ke tsara dokokin wasan gina ƙasa a wani dandalin intanet, inda kowa ke mulkin ƙasar da ya ƙirƙira. Rannan ya kafa doka cewa duk talakan da ya tafi ci-rani a cire shi daga ƙidayar jama'a.

Ya sha'afa cewa wansa Isuhu, da ke dako a Najeriya shekara shida, yana cikin 'yan wasan.

Isuhu ya rubuta a gaban kowa: "Lawali, ashe ni ma tuni kun cire ni daga gidanmu?"

Kunya ta rufe Lawali. Ya goge dokar, ya kira wan nasa a waya. Da Isuhu ya ɗauka, "Yaya" kawai Lawali ya iya cewa.