Katifar Mai Walda a Baranda

An kori Mai Walda daga ɗakinsa zuwa baranda a makon jiya, bisa laifin ba mutane dariya. Matarsa ce ta yanke hukuncin, surukarsa ta goyi baya. Shi da kansa ya ja katifar, don babu mai ƙarfin ja a gidan.

Abin ya faru ne a saman benen gidan hayar da ke bayan gareji, inda wani ciwo ke bin ɗaki-ɗaki. Yakan fara da zazzaɓi, sai ya damƙe naman haƙarƙari kamar an matse da filaya. Nas ɗin unguwa ta ce ƙwayar cuta ce, ba ciwon zuciya ba, kuma yana wucewa da kansa. Ta ba da maganin rage zafi, ta ce a huta, a yawaita wanke hannu. Tari na tayar da ciwon, atishawa ma haka. Dariya ta fi su duka.

Mai Walda kaɗai ciwon ya tsallake, shi kuwa bakinsa ba ya hutu. Ya dawo daga aiki ya tarar da iyalinsa a jere, kowa dafe da ƙirji.

"Sannunku," ya ce. "Taken ƙasa ake yi ne?"

Surukar ta fara da dariya, ta ƙare da salati.

Ya yi alkawarin kame bakinsa. Washegari ya kawo shayi yana sanɗa, fuska a murtuke. Yara suka kalle shi sau ɗaya, suka fashe, suka koma kuka. Matar ta ce ya ɓoye wannan fuskar. Ya fita, ya dawo sanye da hular walda, tire a hannu. Sai da aka yi wa surukar fifita. A ranar katifa ta fita.

Baranda ba ta karɓe shi ba. Ga sauro, ga feshin ruwan sama, ga maƙwabta masu tambayar ko gyaran ɗaki ake yi.

Jiya da safe ya ƙwanƙwasa ƙofa, yana nishi.

"Maman yara, ni ma ya kama ni. A buɗe."

Matar ta buɗe kaɗan, ta leƙo. "Wane gefe?"

"Hagu."

"Ai dama ka riƙe."

"Yawo yake yi."

Surukar ta ce ba sai an ja magana ba: a ba shi dariya, haƙarƙari ba ya ƙarya. Ta miƙe da ƙyar, ta kifa hular waldar a kan ɗankwalinta, ta gaishe shi. Mai Walda ya tuntsire da dariya, ya kurma ihu, ya zube.

Surukar ta ce ihun na gaske ne. Matar ta ce ya makara, sai da ya gama dariyar ya tuna.

An aika kiran nas, aka tarar ita ma tana kwance. Zuwa yammacin jiya, rabin katifar na cikin ɗaki, rabi na baranda.