Kwalaye a Hawa na Sha Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin duba gas a birnin Cheongju. Gida-gida nake bi, sau biyu a shekara, da rigar kamfani da 'yar na'urar da ke shinshino yoyo. In danna ƙararrawa, in ce mai duba gas ce, in cire takalmi, in wuce kicin in kara na'urar a jikin tiyo, in leƙa baranda inda tukunyar ɗumama gida take, mai gida ya sa hannu da yatsa a kan wayar aiki, in kama gabana. Minti uku an gama. Babu irin kicin ɗin da ban gani ba, kuma ban taɓa ɗaukar maganar gidan wani na kai gidan wani ba. Gwiwoyina ne kawai suke ƙorafi.

Ɗaya rabin rayuwata kuwa ta mawaƙi Eun Tae-ro ce. Kada ma a yi mini dariya, na san shekaruna hamsin da bakwai, na kuma san ɗana ya girme shi da wata biyu. Shekarar da maigidana ya rasu, wata huɗu na yi daga wurin aiki sai ɗaki, labule a sake. Ƙawata Yaya Gyeong-ja, mai rumfar kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da 'yan haɗe-haɗen cin shinkafa a kasuwarmu, ita ta zo ta buga mini ƙofa, ta ɗaura mini gyale ruwan goro, launin masoyansa, a wuya, ta ja ni har cikin motar da ke kai mata wurin wasansa. Da ya buɗe baki ya fara waƙa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tun daga ranar nake binsa, shekara tara ke nan.

Abu ɗaya ne ban taɓa samu ba, sa hannunsa. Ƙuri'a ake yi wa masu zuwa zaman sa hannu, sau goma sha huɗu ina shiga, sunana bai taɓa fitowa ba. Yaya ta samu sau ɗaya. Ta saka takardar a gilashi ta rataye a rumfa, kullum sai ta goge ta kafin ta goge ma'auni.

Bara kamfaninsa ya ce zai huta. Kowa ya san dalili. Wasu ne suka riƙa binsa har gida, suna danna masa ƙararrawa, suna ɗaukar hoton tsohuwarsa in ta fito zubar da shara. Sau uku yana tashi daga gida, suna gano sabon. Mun zage su tas a motarmu. Yaya ce ma kan gaba.

"Marasa kunya! Wannan so ne ko farauta? Mu dai ba irinsu ba ne."

Wata Talata a watan huɗu, da hantsi, na hau hawa na sha biyu na wani sabon bene da aka ƙara mini. Ɗaki na bakwai. Sunan mace ne a takarda, kuma sau uku ina zuwa ina manna takardar "mun zo ba mu same ku ba" a ƙofar. Na danna ƙararrawa ba tare da na sa rai ba.

"Wane ne?"

Kalma biyu kacal. Amma muryar da nake wanke-wanke da ita, nake hawa bene da ita shekara tara, yaya za a yi ta ɓace mini? Muryar Tae-ro ce.

"Mai duba gas ce," na ce.

Ya daɗe kafin ya buɗe. Hula har gira, tsohuwar riga mai faɗi, ba kwalliya ba komai. Wayyo, yaron nan ya rame! Ya rusuna ya matsa gefe, na cire takalmi na shiga, idona a ƙasa kamar yadda na saba.

Gidan babu komai sai kwalaye. An jera su a jikin bango har kusan rufi, kowanne da manninsa ba a yage ba. Katifa a ƙasa. A kicin tukunya ɗaya, kwano ɗaya, cokali ɗaya. Alhali takardata ta nuna tun watan sha ɗaya aka haɗa wa gidan gas.

Na ce wa kaina, Yeong-ran, kama kanki, minti uku ne. Na zuge jaka zan ciro na'ura, sai makullaina suka biyo ta suka faɗi ƙasa, tas. A jikinsu akwai maƙali ruwan goro, da fuskarsa a kai yana murmushi.

Shi ya riga ni sunkuyawa. Ya ɗauka, ya duba, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ba fushi ba ne, da fushi ne ma da ya fi mini sauƙi. Gajiya ce kawai.

"Mama, ashe ke ma?"

"Shekara tara," na ce. Bakina ne ya faɗa, ban aike shi ba.

"Na gode," ya ce. Ya koma ya zauna a kan wani kwali, ya cire hular ya riƙe. "Wata biyar na yi a nan. Na fara son wurin. Akwai wata tsohuwa mai awara a ƙasa, ba ta san ni ba, kullum sai ta yi mini faɗa wai in nemi aikin yi." Ya yi 'yar dariya, ta tsaya a hanya. "Mama, ki gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. In fara neman wani gidan?"

Kai, maganar nan ta soke ni. Na yi shekara tara ina tsara abin da zan faɗa masa in mun haɗu, yadda waƙarsa ta ɗaga mini labule, yadda nake sa ta a kunne in gwiwa ta ƙi. Duk suna bakina. Amma na duba na ga kowace kalma a cikinsu wani kwali ce da zai sake ɗauka ya sauka da shi bene. Sai haushi ya kama ni, ban ma san da wa nake ba.

"Ni gas na zo dubawa," na ce. "Matsa mini in wuce baranda."

Na duba tiyo, na duba tukunyar ɗumama gida, na'urar ba ta yi ƙara ba. Na dawo na miƙa masa wayar aiki.

"Lafiya lau. Sa hannu a nan."

Ya sa yatsa ya rubuta. Ba Eun Tae-ro mai lanƙwasa da 'yar zuciya a ƙarshe irin na rumfar Yaya ba. Bok Man-su ya rubuta, sunan da uwarsa ta raɗa masa, a karkace kamar rubutun ɗan firamare. Na tsaya ina kallonsa. Wayata tana aljihu, ɗauka ɗaya zan yi in samu hoton sa hannun har abada. In na danna "aika" kuwa, ya tafi ofis ke nan, ba zan ƙara ganinsa ba. A gabansa na danna. Allon ya koma fari.

"Ka riƙa buɗe taga in kana girki," na ce. "In ma kana girkin."

Ya raka ni ƙofa ya rusuna. Na san bai yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kwana tara na riƙe bakina. A na goma na yi ɓaranɓarama. Muna zaune a rumfar Yaya, mu huɗu, muna tsinke mata tsiron wake a babban daro, sai wata ta ce ta ji wai Tae-ro yana tsibirin Jeju, ya yi ƙiba har da kumatu.

"Wace ƙiba?" na ce. "Yaron da ya koma kamar sillen kara, tukunya ɗaya gare shi!"

Sauran suka yi dariya, sun ɗauka zancen uwa ne kawai. Hannun Yaya ne ya tsaya a cikin daro. Sai da suka watse ta juyo gare ni.

"Ke Yeong-ran. A ina kika ga tukunyarsa?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na gaya mata na shiga gidansa a bakin aiki, na gaya mata kwalayen da tambayar da ya yi mini. Ta share hawaye da bayan hannu, ta ce wayyo ɗanmu. Sannan ta matso.

"Wane bene ne?"

"Yaya, ki bari."

"Haba! Watan gobe ne ranar haihuwarsa. Wa zai dafa masa miyar ganyen teku da ake sha ranar? Kimchi kawai zan ajiye da miya a bakin ƙofa. Ko ƙararrawa ba zan taɓa ba, na rantse."

"Ya buɗe ƙofa ya ga kwano, ya san an gano shi. Kafin sati ya kira motar kwasar kaya."

"Ni ce fa, Yeong-ran. Ni da na zo na fito da ke daga ɗaki kina wari kamar tsumma! Wa ya nuna miki shi? Yau ke kin shiga har kicin ɗinsa, ni ko ƙofar ba zan gani ba? Kin haɗa ni da waɗancan 'yan iskan ke nan?"

"Su ma da kwano suka fara, Yaya."

Da na sani da ban faɗe ta haka ba. Gaskiya ce, amma akwai yadda ake faɗa. Ta janye daron daga gabana, ta juya mini baya tana goge ma'aunin da ba shi da datti.

Ranar haihuwar tasa da safe na buɗe ƙofata na tarar da babban mazubi cike da kimchi, da kwanon miya har yanzu da ɗumi, da 'yar takarda: "Ki kai masa, ko ki zubar." Ban kai ba, ban zubar ba. Na zauna na sha miyar ina kuka, kimchin kuwa wata biyu na yi ina ci ni kaɗai. Ya yi daɗi, hannun Yaya ba ya kuskure.

Duk damina ba ta yi mini magana ba. In na tura saƙo ta karanta ta yi shiru. Na koma sayen kayan cin shinkafa a wata rumfa, gishiri ya yi yawa, na haɗiye haka nan. Na yi kewarta ƙwarai, fiye ma da yadda na yi kewar waƙar. Kuma ina sane da abu ɗaya: Yaya ta san unguwannin da nake bi, sababbin benaye a cikinsu ba su fi shida ba. Da ta so, yini biyu ya ishe ta. Kullum ina tsoron in ji labari ya fito. Bai fito ba.

Da watan goma ya zo, lokacin zagaye na biyu, na je wurin abokiyar aikina Do Suk-hui, wadda ban da waƙar coci ba ta san kowace waƙa ba. Na ce ta karɓi sabon benen nan, ni in karɓi tsofaffin gidajenta na kan tudu.

"Lafiyarki kuwa? Can babu lifta, matakala ce zalla. Da waɗannan gwiwoyin naki?"

"Likita ne ya ce in motsa su."

"Tabɗi! To, ni gaba ta kai ni."

Sati uku ina hawa tudu ina zagin kaina. Ran nan muka haɗu a ofis da rana, tana cin shinkafarta. Na zauna kusa da ita. Tambaya ɗaya na yafe wa kaina.

"Hawa na sha biyu, ɗaki na bakwai. Kin samu kowa?"

Ta yi tunani tana tauna. "Af, saurayin nan mai ladabi? Na same shi. Ya cika baranda da tukwanen shukar barkono, da ƙyar na kai ga tukunyar ɗumama gida."

"Kwalayen fa?"

"Waɗanne kwalaye? Ni ban ga kwali ba. Labule ne, da littattafai, da tukwane uku a kan murhu. Ɗan'uwanki ne?"

"A'a," na ce. "Na taɓa duba masa gas ne."

Ban koma kan tudu ba ranar. Kasuwa na nufa, da rigar aiki da komai. Yaya tana zaune a bakin rumfa da daronta na tsiron wake. Ta gan ni tun daga nesa, ta sunkuyar da kai. Na tsaya a gabanta, ban gaishe ta ba ma.

"Ya kwance kwalayen, Yaya."

Hannunta ya tsaya.

"Yana nan inda yake?"

"Yana nan. Ba ni na gani ba, na ba da benen."

"Yana cin abinci?"

"An ce tukwane uku ne a kan murhu."

Ta ja hanci, ta goge ido da kafaɗa. Ba ta tambaye ni wane bene ba ne. Ta sa ƙafa ta turo mini 'yar kujerar roba, ta matso da daron tsakaninmu.

"Zauna, gwiwoyinki sun kumbura. Kuma ki tsinke da kyau, kullum sai kin bar saiwa."