Saura Kwana Biyu

Ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga wuta ta ɗauke. Ban ko cire ƙafata daga keke da kyau ba na fizgo doguwar wayar nan, na tsallaka zuwa ɗakin Baba Injiniya. Ƙaramin batirinsa minti shida kawai yake riƙe kwamfutar, shi ma da kuka. Na jona ta da babban batirin shagona, na zauna a ƙasa ina haki. Mai rigar ya biyo ni har ƙofa yana tambaya ko gobara ce.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da Baba, shekara goma sha huɗu. A kamfanin ƙwan fitila ya yi aiki, irin manyan nan na titi da filin wasa. An rufe kamfanin, duniya ta koma wasu fitilun, shi ko a jikinsa. Ya taho gida da tsohuwar kwamfuta da tambaya ɗaya da ta hana shi sakat.

Ya sha yi mini bayani ina ɗinki, har na haddace ba don ina so ba. A cikin ƙwan akwai tsinken ƙarfe biyu suna kallon juna. Tsakaninsu iska ce da wuta ta gasa har ta zama haske, ita yake kira filasma. In zafin ya taru wuri ɗaya a bakin tsinke, sai ya cinye shi, gilashi ya yi baƙi, fitila ta mutu. Baba ya ce in an sauya siffar bakin tsinken yadda ya zana, zafin zai bazu. Manyansa sun yi masa dariya. Ba shi da masana'antar gwaji, don haka yake kunna fitilar a cikin kwamfuta, da lissafi zalla. Zagaye ɗaya kwana goma sha ɗaya yake ci, kuma in kwamfutar ta mutu a hanya, sai daga farko. Sau uku hakan ta faru a gabana.

Kwana biyu da fara wannan zagayen 'yarsa ta kai shi asibiti. Yana cikin mota ya miƙo mini makulli.

"Tela, kada ta mutu. In hoto ya fito da ɗigon fari a bakin tsinke, na yi kuskure. In ja ne ya bazu, to."

Na ce ni da ko wayata jikata ke saita mini. Ya ce ai launi na sani, sana'ata ce.

Ran kwana na tara na je duba shi da hantsi. Ya rame ƙwarai, hannunsa kamar ba nasa ba. 'Yar ta ja ni gefe ta gaya mini abin da likita ya ce. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji tsoron kada ya tafi bai ji komai ba. Na matsa kusa na ce masa hoto ya fito, ja ne, ya bazu ko'ina.

Ya daɗe yana kallona, sannan kafaɗunsa suka soma motsi. Dariya yake yi.

"Saura kwana biyu, Tela. Ina ƙirgawa a nan. Kai dai tsaya ga ɗinkinka, ƙarya ba ta karɓe ka ba."

Kunya ta rufe ni. Ya riƙe hannuna ya ce ya gode duk da haka, in koma in kula da wayar wutar.

Washegari da rana ya cika.

Kwana ɗaya bayan nan 'yar ta shigo ɗakin tana naɗe kayansa. Ta kai hannu za ta zare wayar, na roƙe ta ta ba ni zuwa yamma. Ta ture takardu ta zauna a bakin gado. Muka yi ta sauraron fankar kwamfutar.

Wajen ƙarfe huɗu lambobin suka tsaya, hoto ya sauko a hankali daga sama. Na sa tabarau na matsa har hancina ya kusa taɓa allon, ina neman ɗigon fari kamar mai neman allura a tabarma. Babu shi. Ja ne, ya lulluɓe bakin tsinken gaba ɗaya.

"Kawu, mene ne?" in ji ta.

Na jawo kujerarsa, wadda matashinta ya lotsa, na juya ta ta fuskanci allon. Muka bar ta a haka, hasken jan yana kan hannun kujerar.