Ramin Gindin Katanga

Tela yana durƙushe a gindin katanga yana cusa fasassun bulo cikin ramin ruwa, sai ya ji muryar ƙaninsa daga ɗaya ɓangaren.

"Yaya, me kake yi wa ramin nan?"

"Abin da ya kamata in yi tun ranar da aka raba gidan nan. Na gaji da kwasar ƙazantarku."

Auta ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ƙazantarmu? To, Allah ya ba da sa'a. Ka dai lafta simintin da kyau, kar ka yi rowa."

"Koma ka wanke motar mutane, direban banza. Na riga ka zuwa gidan nan, ba kai za ka koya mini shi ba."

Tun da mahaifinsu ya rasu aka ja katanga a tsakiyar gidan. Tela ya samu ɓangaren gaba, inda ɗakin Inna yake, Auta ya samu na baya mai bishiyar mangwaro. Magini ya bar rami ɗaya a ƙasan katangar. Duk damina tsakar gidan Tela sai ta koma tafki. Bara ya sa aka malale ta da siminti kakaf, ko tafin hannu na ƙasa bai bari ba, don ya ji an ce siminti ne maganin ruwa. Ruwan bai ragu ba, sai ma ya daɗa tsayawa. Tela kuwa ya san dalili: duk sanda aka yi ruwa, ganyen mangwaro yake gani yana juyi a bakin ramin, shi kuma ba shi da mangwaro.

Ba ruwan ne ya fi ci masa rai ba. Auta ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa danshin ɗakin ne ya sa wa Inna tari, gara ta koma wurinsa. Tela ya rantse a gaban kawunsu cewa muddin yana numfashi, uwarsa ba za ta bar gidan babba ta koma na ƙarami ba.

Matarsa ta tsaya a bayansa tana goge hannu da gefen zani.

"Maigida, ni fa in na zubar da ruwan wanki, ramin nan yake bi ya fita."

"Ruwan wanki daban, ruwan sama daban. Ko ke ma ya saye ki ne?"

"Allah ya huci zuciyarka," ta ce, ta koma kicin.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo da rana tsaka. Tela yana shagonsa na ƙofar gida yana ɗinkin riga, ya ji ruwa ya kece a kan kwano. Ya ture keken ɗinki ya shiga ciki da sauri, yana son ya ga aikinsa da idonsa. Ya tsaya a baranda, hannu a ƙugu.

Ruwan rufin ɗakuna yana zuba kan siminti, yana gangarawa wajen katanga kamar yadda ya saba. Da ya isa bai sami hanya ba, sai ya juyo. Iska ta kaɗa, ganyen mangwaro ya riƙa tsallako katanga ta sama yana faɗawa cikin ruwan. Tela ya bi ganye ɗaya da kallo har ya sauka, sai a lokacin ya gane ta inda ganyen yake shigo masa.

Kafin ya motsa, ruwa ya shanye matakalar baranda, ya haye dokin ƙofar ɗakin Inna. Matarsa ta fito da bokiti tana salati. Suna kwasa suna watsawa, ruwan yana dawo musu. Tabarmar Inna ta taso, takalmanta suka fita yawo. Tsohuwar tana kan gado ta naɗe ƙafafu, tari ya sarƙe ta.

Auta ya shigo ba sallama, da takalmin roba har gwiwa.

"Fita mini daga gida!" in ji Tela.

"Gida ko kogi? Matsa, Yaya."

"Ka taɓa Inna ka gani!"

"In bar ta ta koyi iyo da tsufanta?"

Tela ya ci kwalar rigarsa. Inna ta buga sandarta a jikin gado.

"Sake shi. Ƙato da kai, da furfurarka." Ta miƙa wa Auta hannu ba tare da ta dubi babban ɗanta ba. "Goya ni, ɗan nan. Sanyi ya shiga ƙashina."

Haka Auta ya fita da ita a bayansa, matar Tela tana biye da su da lema, maƙwabta suna leƙe ta tagogi.

Tela ya ɗauko guduma da wani guntun ƙarfe, ya durƙusa cikin ruwa har ƙugu. Ya yi ta dukan simintin da ya lafta da hannunsa, ya zaro bulon ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suna jini. Ruwan bai motsa ba. Ya zura hannu har kafaɗa, ya taɓo wani abu sumul, mai tauri.

"Kai! Wa ya rufe ta can?"

Matar Auta ce ta amsa daga bayan katanga, muryarta har da daɗi.

"Ai Yaya, washegarin da ka rufe naka muka rufe namu. Mun gode ƙwarai. Bana ko tsintsiyar korar ruwanku ban ɗauka ba."

Ya daɗe a durƙushe, ruwa yana dukan ƙeyarsa. Ta cikin katangar yana jin ana tambayar Inna ko a ƙara mata bargo.

Ya miƙe, ya fita titi babu takalmi, ya zagaya har ƙofar da rabonsa da ita tun ranar rabon gado. A rufe take. Ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?" Muryar Auta ce.

"Ni ne."

"Kai wa?"

Tela ya dubi gudumar da ke hannunsa, ya ajiye ta a ƙasa a hankali.

"Yayanka ne," ya ce. "Na zo roƙon rami."