Gishiri a Gindin Lemo

Tun safe Baba Mai Lemo ke fama da korar awakin maƙwabta daga gonarsa, abin mamaki kuma ko ganye ɗaya ba su taɓa ba. Ƙasa suke lasa. Ya durƙusa da ƙyar, ya dangwali farin abin da ya kwanta a gindin bishiyoyin ya kai baki. Gishiri ne, ba tantama.

Bishiyoyin nan su ne abin da ya mallaka duk duniya, ga shi ganyensu ya fara ƙonewa daga baki-baki. Tsoro ya kama shi, amma son sani ya fi tsoron ƙarfi, don shi mutum ne da tambaya kan hana shi cin abinci. Ya aika aka kira ma'aikaciyar hukumar kogi, wadda manoma ke ce wa Mai Sanda saboda dogon ƙarfen awon da take yawo da shi a bayan babur.

"'Yata, wa ya zuba min gishiri a gona?"

Ta huda ƙasa da ƙarfen. Ramin bai wuce kamu biyu ba ruwa ya ɓullo.

"Baba, yaya kake ban ruwa?"

"Da na ga suna ramewa sai na ninka. Ana hana majinyaci ruwa ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ninka, maƙwabta sun ninka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cika ya taso, ya ɗauko gishirin da ke kwance tun ba a haifi kakanka ba. Rana ta shanye ruwan, ta bar maka gishirin."

Baba ya leƙa ramin ya daɗe, har da murmushi. Ashe a kan wannan abu yake tafiya duk rayuwarsa!

Magani, in ji ta, a haƙa kwata mai zurfi, a wanke ƙasar, ruwan gishirin ya gangara kogi. Amma hukuma ba ta yarda a sake shi ba sai damina ta cika kogin, yadda zai narke ya ɓace.

"Lemon zai kai damina?"

"Wasu za su kai. Ba duka ba, Baba."

Ya dubi kogin. Ga shi nan a bakin shingensa, haƙa kwatar aikin yini guda ne da fartanya, ba kuma wanda zai gani. Har ta tada babur ya tsayar da ita.

"In mutum ya saki ruwan gishirin yanzu, ina zai je?"

"Gonakin gangare. Da kogin nan suke ban ruwa, shi suke sha."

A gangare 'yarsa ta fari take aure, albasarta ta fara ƙosawa.

Bayan tafiyar Mai Sanda ya rataye fartanyar a reshe. Ya shiga bin bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana dafa su, yana duba waɗanda za su iya jira.