Mai Ɓare Liƙi

Tun kafin rana ta take tsaka zauren cocin ya cika. Duk wani ɗan tsibirin Tonga da ke zaman ci-rani a unguwar Mount Druitt da kewaye ya ɗauro tabarmarsa ta adon gargajiya a ƙugu ya zo, ƙamshin ganyen gwaza da madarar kwakwa kuwa har wajen ajiye motoci ana jin sa. An kira taron ne don tara kuɗi saboda yara masu lalurar galahanga, wato otizim, waɗanda iyayensu ba su da takardun da za su sa gwamnati ta biya musu kuɗin malamar koyon magana. Losaline ta leƙa ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga ko ɗaya cikin yaran ba. Kowa ya bar nasa a gida. Ita kaɗai ta zo da tata.

Vika shekararta takwas. Rabon da Losaline ta kawo ta cikin jama'a tun wani biki da yarinyar ta kwanta a ƙasa tana ihu, aka yi ta kallonsu har suka fita. Daga ranar suka koma raba zuwa coci ita da mijinta Sunia, wannan Lahadin shi, waccan ita. Amma yau babbar 'yarta Meleane ce za ta yi rawar liƙi, kuma Losaline ta sa a ranta cewa sai Vika ta ga rawar yayarta daga farko har ƙarshe, a zaune cikin dangi kamar kowa. Abin da ta zo nema ke nan.

A ɗakin baya Gwaggo Kalolaine, yayar Sunia, ta tasa Meleane a gaba da kwalbar man kwakwa tana shafe ta daga kafaɗa har ƙafa.

"Ɗaga hannu. Ke, tsaya wuri ɗaya mana."

"Gwaggo, ai ko kifin suya ba a zuba masa mai haka."

"Kifin suya shi zai kawo mana kuɗi? Idan liƙi ya faɗo daga jikinki ni za a zaga, a ce na yi rowar mai."

Ta juyo ta ga Losaline a bakin ƙofa riƙe da hannun Vika. Ta kalli yarinyar, ta kalli abin toshe kunnen da ke kanta kamar na masu aiki a filin jirgi.

"Kin zo da ita ke nan."

"Na zo da ita, Yaya."

"To," in ji Gwaggo, ta ci gaba da shafa mai. Losaline ba ta gane wane irin to ba ne, kuma yayar miji ba a tambayarta ma'anar magana.

Suka zauna a kujerun ƙarshe kusa da ƙofa. Vika tana kaɗa jiki gaba da baya a hankali, idonta a kan fankar sama. Sunia ne mai makirufo, yana ta tsokanar maza.

"Wanda ya san ya bar jakar kuɗinsa a mota, ga dama nan ya je ya ɗauko. Mun san motocinku."

Aka saki waƙa. Meleane ta fito tana ƙyalli kamar an wanke ta da rana, gwiwoyi a haɗe, hannuwa suna tafiya a hankali, murmushi a fuskarta. Samari suka bi bayanta suna tafi. Losaline ta sunkuya ta ce, "Vika, ga Mele."

Vika ta sauke ido daga fanka. Ta gan ta.

Liƙin farko na gwaggo ne, ba mai shiga gabanta. Gwaggo Kalolaine ta taso da takunta na isa, ta zaro jar takarda mai dala ashirin ta manna a damtsen Meleane, ta danna da tafin hannu. Takardar ta zauna daram.

Kafin Losaline ta ankara hannun da take riƙe da shi ya zame. Vika ta ratsa tsakiyar kujeru, ta wuce gaban limamin cocin da matarsa, ta shiga fili. Vika ba ta yarda da abu manne a jikin mutum. Ko filasta aka sa wa babanta a yatsa sai ta cire ta sannan hankalinta ke kwanciya. Ta sa yatsu biyu ta ɓare kuɗin daga hannun yayarta, ta goge man a gaban rigarta, ta miƙa wa Gwaggo abinta.

Tafin samarin ya rikice. Mayar wa mutum kyautarsa a gaban jama'a, mutumin ma gwaggo. Losaline ta biyo ta, ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta san abin da zai biyo: za ta je ta kama hannun Vika, Vika za ta fizge, daga nan ihu, daga nan mota. Meleane kaɗai ba ta tsaya ba, don mai rawa ba ta tsayawa, amma murmushinta ya fara karkarwa.

Gwaggo ta kalli kuɗin a hannun yarinyar. Ta karɓa. Ta sake manna shi a ɗaya damtsen.

Vika ta zagaya ta ɓare, ta goge, ta miƙa mata.

"Au, haka ne?" in ji Gwaggo. Ta gyara ɗaurin tabarmarta. "Ke 'yar Sunia, ni za ki gwada wa taurin kai? A wajena kika gada. Ku ba ta kwando."

Wata mata ta turo kwandon da ake tsince kuɗin da suka zube. Gwaggo ta karɓi takardar ta jefa ciki Vika tana kallo. Ta zaro wata ta manna. Vika ta ɓare, ta goge, ta yi ɗan jim, sai ta sunkuya ta shimfiɗa ta cikin kwandon a kan ta farko, baki da baki.

"To mu gani, ni da ke wa zai gaji."

Nan zaure ya fashe da dariya. Mata suka taso, maza suka taso, kowa da kuɗi a hannu yana so a ɓare nasa. Wani ya yi guɗa irin ta maza, wasu suka amsa, aka fara dukan tebur. Losaline ta ga kafaɗun Vika sun hau sama. Yarinyar ta danne abin kunnenta da hannu biyu, ta fara wannan gunjin na ƙasa-ƙasa da uwarta ta sani sarai. Losaline ta ƙarasa filin da sauri, ta durƙusa kusa da ita ba tare da ta taɓa ta ba.

"Yaya," ta ce. Ba ta taɓa katse Gwaggo a gaban mutane ba. "Ƙarar ce. Idan ba a rage ba fita za mu yi."

Gwaggo ta dube ta. Sai ta ɗaga hannu ɗaya sama, hannun duk mai.

"Sunia, rage wannan abin naka. Ku kuma masu bakin ganga, yau kowa ya yi murnarsa a ciki. A zo ɗaya bayan ɗaya."

"Kun ji dai," in ji Sunia cikin raɗa a makirufo. "Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an sa 'yan Tonga shiru ba sai da abinci a baki."

Dariyar da aka yi ta cikin hanci ce, manyan mutane suna toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Ƙattin samarin nan suka koma tafi da yatsu bibbiyu. Waƙar ta dawo ƙasa-ƙasa, har ana jin takun Meleane a kan katako.

Gunjin ya ɗan ja, sannan ya tsaya. Matar limamin ce ta farko a layi. Ta manna tata a kafaɗa, can sama inda Vika ba ta kai ba. Vika ta sauke hannuwa daga kunne ta yi ɗage. Meleane ta ƙara lanƙwasa gwiwa, ta yi ƙasa cikin rawar kamar dama haka aka koya mata, har kafaɗar ta zo daidai hannun ƙanwarta.

Haka aka yi ta yi. A manna, a ɓare, a goge, a shimfiɗa. Wani tsoho ya manna tasa a gwiwar hannu, da aka cire ya ce bai gani da kyau ba, ya sake zaro wata. Waƙa ta ƙare layi bai ƙare ba, Sunia ya maido ta farko. Cinyoyin Meleane suna rawa don gajiya, gaban rigar Vika ya jiƙe sharkaf da mai. Losaline tana durƙushe a tsakiyar fili, wurin da ba ta taɓa zaton za ta tsinci kanta ba, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Da Meleane ta rusuna ta ƙarshe, Vika ta zagaye ta ta duba hannuwa, ta duba wuya da baya. Babu saura. Ta ɗora tafinta a damtsen yayarta ta ce, "Mele."

Ba wanda ya yi ihu. Wasu dai sun sha wuya kafin su riƙe.

Aka buɗe tukwane. Losaline tana neman jakarta ta ji wata mata a bayanta tana waya. "Ka sa masa takalmi ka kawo shi. E, nan zauren. Ka kawo shi dai, in ka zo ka gani."

Vika ta shige ƙarƙashin babban tebur da dafaffen rogo a hannu. Gwaggo Kalolaine ta ja kujera ta zauna a gefen, ta miƙe ƙafa ta tare hanyar masu wucewa.

"'Yarki ta talauta ni," ta ce. "Je ki zubo abinci tun ba a cinye ba."

"Yaya, ba ta saba zama da kowa ba."

"Ni ba kowa ba ce. Me take so, me ba ta so?"

"Kada a taɓa ta ta baya. Kuma rogon ba miya."

"Na ji. Tafi."

Losaline ta ɗauki faranti ta shiga layi. Ta waiwaya, ta ga hannu ya fito daga ƙarƙashin tebur, Gwaggo ta sa masa wani yankin rogon ba tare da ta daina hira ba. Matar da ke gabanta ta ce, "Losa, gwaza ko doya?"

"Zuba min duka," in ji ta.