Direban da Za a Kai Skipton

Kafil ɗin Ɗalhatu, wato ubangidan da yake yi wa tuƙi, ya kama hayar gida a Skipton, wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, don iyalinsa su guje wa zafin Doha. Da direba ɗaya za a tafi, direbobin kuwa biyu ne a gidan: Ɗalhatu da wani ɗan Sudan.

Ranar Juma'a Ɗalhatu ya ritsa abokinsa Mas'udu wajen mai shayi a unguwar Asian Town. Mas'udu ya yi karatu a Leeds, kusa da Skipton, ya san garin.

"Malam, ba ni labarin wurin nan. Kada ka rage komai!"

"Tumaki. Ruwan sama. Tsohuwar fada ta dutse a ƙarshen babban titi. Ranar da kasuwa ke ci, sai a kafa rumfuna a bakin titin, ga cuku, ga zuma, ga kabeji."

"Kasuwa na ci? Kamar Ɗambatta?" Ɗalhatu ya bugi tebur. "Ashe Bature ma ɗan ƙauye ne!"

"Kafin magariba an rufe yawancin shaguna. Wanda bai san ka ba zai tsaya ya yi maka hirar hadari."

"Tuƙi fa? Shi ne nawa."

"Hannun hagu. Ba a son hon. In direba ya haska maka fitila, hanya ya ba ka. Sai ka ɗaga masa hannu."

"Kai! Nan in Land Cruiser ta haska maka, ka kauce ko ta bi ta kanka."

Lahadi da safe Ɗalhatu ya ɗauko kafil daga unguwar Nu'aija zuwa Al Thumama. A wata mahaɗa, wani mai babur ɗin kai abinci yana jiran shiga. Ɗalhatu ya taka birki, ya haska masa fitila, ya ɗaga hannu yana murmushi.

Mai babur ya tsorata, ya ƙara ja da baya. Ɗalhatu ya sake haskawa. Motocin baya suka kaure da hon.

Kafil ya ɗago kai daga waya. "Yalla, mu tafi, Ɗalhatu! Lafiyarka?"

Da guntun Larabcinsa Ɗalhatu ya ce, "Tuƙin Ingila nake gwadawa, ranka ya daɗe. Can haka ake ba mutum hanya."

Kafil ya kalle shi ta madubi. Can ya fashe da dariya har da tari.

"Khalas, shi ke nan. Gobe ka kawo fasfonka ofis a nemo maka bizar Ingila. Amma yanzu a Doha kake. Taka!"

Ɗalhatu ya danna hon da duk ƙarfinsa, ya taka.